Ranar da iskar kaka ta tona mana asiri a Kogin Kwara

Tambaya ɗaya Kawu ya yi mana kafin ya kwance igiyar jirgin: "A cikinku wa bai iya ruwa ba?"

Mu biyar ne tsaye a bakin kogi a Yelwan Yauri, kowa ya naɗe ƙafar wando, kowa da waya a hannu. Muka dubi juna, babu wanda ya ɗaga hannu. Ɗayanmu har da dariya, wai shi tun yana firamare yake wanka a kududdufin unguwarsu. Kawu ya jima yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Sai ya ɗauko jarkoki biyu da babu komai a cikinsu, ya ƙara murɗa murafensu, ya jefa su cikin jirgin. Mu a lokacin mun zaci na ɗebo ruwa ne.

Maganar gaskiya, mutum biyu ne kacal a cikinmu suka iya ninƙaya. Sauran ukun, har da mai riƙe da alƙalamin nan, shirun da muka yi ƙarya ce. Kunya ce ta rufe mana baki, irin kunyar nan da ku ma kun san ta, wadda ke hana ɗalibi ya ce wa malami bai gane ba alhali bai gane ɗin ba.

Abin da ya kai mu Yauri ɗan hutu ne na kwana huɗu da muka samu a jami'a a ƙarshen watan Nuwamba. Abokin karatunmu ɗan garin ne, kuma ya ishe mu da labarin kogi a ɗakin kwana, har muka ce to mu je mu gani da idonmu. Mu huɗun baƙi, daga Kano, Zariya, Katsina da Gusau, babu wanda ya taɓa sa ƙafa a kwale-kwale. Lokacin kaka ne. A hanya mun yi ta wuce dammunan dawa da masu sussukar shinkafa, da safe kuma sanyi ya fara ratsa riga, hazo ya fara sauka.

Kogin da ke cika cikin rani

Wanda bai taɓa ganin Kwara a Yauri ba, in an ce masa kogi, sai ya auna irin na garinsu da ke ƙafewa bayan damina yara su yi ƙwallo a kan yashi. Wannan ba haka yake ba. Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, tsawonsa ya kai kusan kilomita 4,200. Daga tsaunukan ƙasar Gini yake tasowa, ya ratsa Mali ta Bamako da Gawo, ya bi ta Yamai, sannan ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi. Kudu da Yauri kuma akwai madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Ita ta tare ruwan ya koma baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, aka tashi mutane sama da dubu 40 daga garuruwansu da tsibiransu. Tsohon garin Busa ma yana ƙarƙashin ruwan nan. A can ne Bature Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya wuce ta Yauri. Shi ne wanda wasu tsofaffin littattafai ke cewa ya "gano" kogin, abin da ke ba abokinmu dariya ƙwarai, don kakanninsa sun daɗe suna su a ciki kafin a haifi kakan Baturen.

Wani abin mamaki da muka koya a tafiyar shi ne, sau biyu kogin ke kawo ruwa a shekara. Na farko na damina ne, ruwan saman da aka yi a nan kusa, mai gurɓi da laka, masana suna ce masa farin ruwa. Na biyun ruwan da aka zuba ne can a Gini. Kafin ya iso sai ya shiga wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, ya yi watanni yana rarrafe a cikinta, lakarsa ta kwanta, sannan ya fito garau ya iso ƙasar Kebbi daga wajen Disamba. Shi ake kira baƙin ruwa (da ƙ mai lanƙwasa, kada ku rikita shi da bakin ruwa inda ake wanki). Saboda haka lokacin da rafukan garuruwanmu ke bushewa, a Yauri ruwa fal yake, faɗinsa kuwa a wasu wuraren sai ka ƙura ido kafin ka hango tsallake.

Kawun abokinmu Basarke ne. Sarkawa masunta ne da suka gaji ruwa kaka da kakanni, kamar yadda Gungawa suka gaji zaman gungu, wato tsibiri. Da muka roƙe shi aron jirgi, sharaɗi biyu ya gindaya mana. Na farko, mu fita da an sallame asuba, mu dawo kafin hantsi ya ɗaga. Na biyu, autansa zai zauna a baya ya riƙe mana akalar jirgin. Autan nan shekararsa 14, yana aji uku a ƙaramar sakandare, siriri ne kamar sillen kara. A zuci mun ɗan ji haushi. Mu 'yan jami'a, a haɗa mu da yaro?

Sharaɗin farko tun a gida muka karya shi. Wannan yana jiran shayi, wancan yana cajin waya, ɗan Katsina kuwa sai da ya goge riga saboda hoto. Ba mu isa bakin ruwa ba sai wajen ƙarfe tara. Kawu ya dubi rana, ya dubi ruwa, ya ce kada mu yi nisa. Akwai rigunan kariya guda biyu a cikin jirgin, masu ruwan lemo, sun ɗan koɗe. Babu wanda ya yarda ya sa, don duk wanda ya sa ya fallasa kansa. Sai muka shimfiɗa su a kan katako muka zauna a kai, wai sun fi laushi.

Fitar kam ta yi daɗi. Ruwa kwance luf, filafili na shiga yana fita, jirgi na tafiya sumul. Muna ta yaba ƙarfin damtsenmu, har ɗan Zariya yana cewa baɗi da shi za a yi tseren jirage a bikin Rigata. Muka wuce wani masunci yana jefa birgi, muka wuce mata masu wanki, muka ga fararen balbelu sun jeru a kan wani busasshen reshe da ya leƙo daga cikin ruwa. Auta ya kauce masa da nisa. Ya ce itace ne guda sukutum a ƙasa, irin waɗanda ruwa ya cinye tun zamanin madatsa, kuma waɗanda ba su leƙo ba sun fi wannan haɗari.

Kallon kitse muka yi wa rogo. Saurin da muke yi ba namu ba ne, iska ce ke tura mu ta baya. Ga yadda abin yake, don ya kamata duk mai shiga ruwa ya san shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Yelwa kuwa tana gaɓar gabas ta kogin. Ke nan iskar daga tudu take fitowa ta nufi tsakiyar ruwa. A bakin gaɓa gidaje da itatuwa sun tare ta, shi ya sa ruwan ke kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Amma iya nisan da iska ta yi tana shafar fuskar ruwa, iya girman igiyar da take tayarwa. Kana ƙara nisa, igiya na ƙara girma, kuma ranar komawa iskar da ta rako ka ita za ta tsaya maka a gaba. Bugu da ƙari, a wannan lokaci na shekara iskar ta fi ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma. Dalilin sharaɗin Kawu ke nan. Bai yi mana dogon bayani ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

"Zauna!"

Auta ne ya fara magana. "Yaya, ku dubi baya."

Muka waiwaya. Garin ya koma wani dishi-dishi a cikin hazo. Ruwan da ke kewaye da mu ya canja kama, ya yi duhu, kan igiyoyin ya fara fari. Jirgin ya soma ɗagawa yana faɗuwa, kowace faɗuwa sai feshi ya jiƙa mu. Ɗan Gusau ya ce a juya. Kafin Auta ya buɗe baki, mutum uku sun kafa filafili a gefe ɗaya, jirgin ya karkata ya ba igiya haƙarƙarinsa. Nan take wata ta haura gefe ta zubo mana a cinya.

Ruwan bai fi bokiti biyu ba, amma ya isa. Ɗan Kano, mai labarin kududdufi, ya zabura ya miƙe tsaye. Jirgin ya tafi hagu har bakinsa ya sha ruwa, muka rinjaya dama gaba ɗaya, ya biyo mu.

"Zauna!"

Babu Yaya, babu don Allah. Muryar yaron ta fito kamar ta wani babban mutum. Ɗan Kano ya zube a ƙasan jirgi, ya riƙe katako da hannu biyu, ya ce da ƙarfi: "Wallahi ban iya ruwa ba!"

Aka yi shiru na ɗan lokaci, ba ka jin komai sai iska. Sai ɗan Katsina ya ce, "Ni ma." Sai na ukunmu ya ce shi ma. Yanzu in muka tuna dariya muke yi, amma a lokacin babu wanda haƙorinsa ya fito. Salati kawai kake ji.

Auta bai zage mu ba, bai ma yi mamaki ba. Umarni ya shiga bayarwa, ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu su zaro rigunan nan daga ƙarƙashinsu su sa, su ɗaure igiyoyin tamau, ba tare da sun tashi ba. Na ukun ya rungume jarka. Kowa ya sauka daga kan katakon zama ya zauna a ƙasan jirgi, a tsakiya. Masu riguna su ɗauki yankakken galan su yi ta kwarfe ruwa, kada su tsaya. Waɗanda suka iya ruwa su biyu su yi tuƙi, ɗaya dama ɗaya hagu, da ƙirgensa. Ya ƙara da cewa ko jirgin ya kife kada kowa ya sake shi, don katako ba ya saurin nutsewa, kuma daga nesa an fi hango jirgi a kan a hango kan mutum.

Daga baya, da hankali ya kwanta, muka lura cewa duk abin da ya sa mu yi yana cikin darasin kimiyya da muka haddace muka ci jarrabawa da shi. Cibiyar nauyi: in nauyi ya yi ƙasa abu ya fi zama daram, in ya yi sama ya fi saurin tuntsurewa. Mutum ɗaya da ya miƙe a ƙaramin jirgi ya ɗaga nauyin duka. Ruwan da ya shigo ciki kuma ba nauyinsa kaɗai ne matsala ba. Duk gefen da jirgi ya karkata, can yake gangarawa ya ƙara danne shi, shi ya sa kwarfewa ba ta jira. Mu mun san sunayen abubuwan da Turanci. Shi ya san su da jikinsa.

Bai yi ƙoƙarin mayar da mu gari ba. Ya ce da hannuwa irin namu, sai mu gaji ba mu ci rabin hanya ba. Akwai wani ɗan gungu a gabanmu ta ɓangaren kudu, sai ya saita goshin jirgin can, yana karɓar igiya ta kusurwar baya maimakon ta gefe. In babba ta taso sai ya ce a dakata, ta ɗaga mu ta wuce, sannan ya ce a ci gaba. Ba mu san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ɗan Zariya ya ce minti ashirin, ɗan Kano ya rantse ya fi awa. Da muka zagaya bayan gungun, iska ta yanke kamar an rufe ƙofa.

Zaman jira

A gungun mun tarar da wasu masunta sun kafa bukkoki, wata dattijuwa tana ƙyafe kifi. Ta dube mu jiƙe sharkaf, ta dubi Auta, ta tambaye shi ɗan wane ne. Da ya faɗa, sai ta ce mu matso kusa da wuta. Ta ba mu karfasa mai zafi da ɗan yaji a takarda. Ba mu taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, ko da yake wataƙila tsoro ne ya wasa mana ci. Auta ya kira babansa da wayar ɗayanmu, wadda ta tsira saboda tana cikin leda. Maganar ba ta yi minti ɗaya ba: mu zauna nan sai iska ta faɗi, kuma kada magariba ta same mu a kan ruwa.

Awa biyar muka yi a wurin, kuma zaman ya sa mu tunani. Wannan ruwan da muke kallo, a cikinsa ne a watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, ba nisa sosai daga inda muke zaune, kuma kaɗan ne aka ceto da ransu. A watan Yunin 2023 an sake yin wani a yankin Patigi ta jihar Kwara, inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Duk lokacin da irin wannan ta faru, dalilan da ake lissafawa kusan ɗaya ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, kututture a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta sha nanata hana tafiyar dare da wajabta sa rigar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa kusan mutum dubu 300 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma a Afirka ya fi muni. Har rana guda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wannan, 25 ga Yuli.

Akasarin mutanen da suka rasu a waɗancan jirage ba su da zaɓi. Kasuwa za su, ko gona, ko gida, hanyar ke nan guda, kuma babu wanda ya miƙa musu riga. Mu kuwa yawon shan iska muka fito, rigunan na nan, muka zauna a kansu. Wannan ne ya fi ci mana rai.

Mun tambayi Auta da a ce ɗayanmu ya faɗa, da ya zai yi. Ya ce ba zai bi shi ba sai in babu wata dabara, domin mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da ya kama dannewa yake yi, ko da uwarsa ce. Filafili zai miƙa masa, ko gora, ko ya jefa masa jarka. Ya kuma gaya mana abin da ba mu taɓa ji ba: mai nutsewa sau da yawa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Bakinsa na neman numfashi ne, ba shi da sararin kira. Za ka gan shi tsaye a cikin ruwa, kai a ɗage, yana dannar ruwa da hannuwa, kamar mai wasa. Ku da kuke zuwa rafi ko dam ko kududdufi da ƙannenku bayan an tashi makaranta, wannan magana taku ce.

Bayan la'asar iska ta lafa kamar yadda aka ce. Komawar ta fi fitowar wuya nesa ba kusa ba, don yanzu da ƙarfinmu muke tafiya, ba aro ba. Tafin hannunmu ya yi bororo, kafaɗu suka yi tsami. Masu riguna suna sanye da abinsu, mai jarka yana rungume da jarkarsa, babu wanda ya yi wa wani dariya. Rana ta koma ja a cikin hazo, ana iya kallonta ido da ido. Jiragen masunta suna fitowa zuba taru muna shiga. Wani ya ɗaga wa Auta hannu ya tambaye shi ina ya samo waɗannan lebura.

Kawu na tsaye a inda muka bar shi. Daga baya aka gaya mana tun da hantsi ya sa an zuba mai a jirgin inji na maƙwabcinsa, yana jiran ko ta-kwana. Muka fito muna sunkuyar da kai, mun shirya shan faɗa. Ya kama igiya ya ɗaure, ya dubi rigunan da ke jikin mutum biyu, ya dubi jarkar da ke ƙirjin na uku.

"Uku ne ashe," in ji shi. "Ni na ƙirga huɗu."

Ɗan Zariya ya fara rantse-rantse cewa shi fa ya iya. Kawu ya ce to gobe da safe za a gani.

Washegari bayan asuba, wannan karon babu mai jiran shayi, ya kai mu wani wuri mai yashi inda ruwa ke gudu bai wuce ƙugu ba. Ya ce a guji kwantaccen ruwa mai ciyayi, can ake ɗaukar tsargiya, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya koma makaranta ya tafi asibiti, akwai maganinta. Darasin farko ba ninƙaya ba ce. Kwanciya ce rigingine a kan ruwa, ka saki jiki, ka buɗe hannuwa, ka bar huhunka ya ɗauke ka. Auta ne malamin, tafinsa a ƙarƙashin bayanmu. Yaran unguwa kusan goma suka taru a kan gaɓa suna kallon 'yan jami'a suna shan ruwa suna tari. Wata yarinya da ba ta fi shekara bakwai ba ta shigo ta kwanta a gefenmu, ta harɗe hannuwa a ƙeya, tana kallon sama, don dai ta nuna mana.

A rana ta uku ɗan Kano ya yi daƙiƙa goma sha biyu a kan ruwa ba tare da an riƙe shi ba. Auta ne ya ƙirga. Ɗan Zariya kuwa, an gani: ya iya, amma irin ta kare.